KAYAN AIKI NA BASHI: A ƘIRGA KWANAKIN AIKI KAFIN A SA HANNU

Kowace shekara in an gama girbi, kuɗi sun ɗan shigo hannu, sai maganar sayen kayan aiki ta tashi cikin karkara. Mai garka yana son injin ban ruwa. Mai babbar gona yana son shanun noma da garma da amalanke. Matan ƙungiya suna son injin niƙa ko na markaɗen gujiya. Tela yana son sabon keke. Saurayi yana son moto ya yi kabu-kabu. Dukansu sana'a suke so su ƙarfafa, kuma wannan abin yabo ne. Amma kaɗan ne ke iya saye kuɗi hannu. Sauran sai su nemi bashi ko haya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne. Sai dai bashin kayan aiki ya bambanta da rancen tiya biyu ta hatsi wurin maƙwabci. Yana da nauyi, yana ɗaukar shekaru, in kuwa ya karye yakan tafi da bisashe ko gona. Akwai tambaya ɗaya da ta kamata a amsa kafin a ɗauke shi: kwana nawa wannan kaya zai yi yana aiki cikin shekara? Manoman Nijar sun taɓa koyon amsar wannan tambaya da wahala. Ga yadda abin ya faru.

ZAMANIN GARMAR BASHI

A shekarar 1962 gwamnati ta kafa UNCC domin ta tsara ƙungiyoyin manoma, ta kuma ba su bashi. A wannan shekara kuma aka kafa SONARA mai sayen gujiya. A 1967 aka buɗe asusun bashin noma, watau CNCA. A lokacin gujiya ce ke kawo kuɗi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomi yakan kai gujiyarsa kasuwar ƙungiya a auna. Bayan an rufe kasuwa, sai a maido wa gari rarar kuɗin da aka samu. Wannan rara ita ce jinginar bashi. In mutanen gari ba su biya ba, sai a cire daga ciki. In mutum ɗaya ya ƙi biya, gari duka ke ɗaukar nauyi, har a hana su sabon bashi.

Cikin shekarun 1970 aka buɗe manyan ayyukan raya karkara. A Damagaram akwai aikin da ake kira 3M, saboda Mirya da Magarya da Matamai. Maraɗi da Tawa da Doso da Yamai su ma kowace ta samu nata. Aka gina cibiyoyin koyon noma. Gari yakan zaɓi magidanci, ya tafi cibiya, sau da yawa tare da matarsa, su yi damana guda suna koyo. In sun gama sai a ba su kaya bashi: bajimai biyu, garma, kanadiyan mai haƙora na noman ciyawa, abin tonon gujiya, amalanke, wani lokaci har da injin shibka. Galibi shekara 4 ake ba mutum ya biya. A cikin ƙasa ake ƙera kayan: akwai ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, da CDARMA a Doso. Gwamnati kuma tana biyan wani kashi na kuɗin, saboda a lokacin ƙarfen uraniyom yana da daraja.

Niyya mai kyau ce, amma abubuwa da yawa suka taru suka karya ta. Farin 1973 da 1974 ya kashe bisashe, ya hana amfanin gona. A 1975 ɗarɓa da cutar kuturtar gujiya suka cinye gujiya. Da gujiya ta faɗi, rarar kasuwa ta ƙare, jingina ta tafi ke nan. Sau da yawa kaya ba su isowa sai damana ta yi nisa, ko su zo ba cikakku ba. Rubutun bashi kuma bai daidaita ba: manoma da yawa ba su karatu, ba su da takardar da ke nuna abin da suka biya da abin da ya saura. Waɗansu ma sun ɗauka kayan gwamnati kyauta ne.

Bashi ya taru, ba a biya ba. A watan Nuwamba 1982 aka yi babban taro a Damagaram a kan raya karkara, aka ce tsarin yana bukatar gyara. Sai ga farin 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. A wannan shekara aka rushe UNCC, UNC ta maye gurbinta. Kafin shekarun 1980 su ƙare an rufe CNCA, a 1990 kuma babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya bi sahu. Daga nan manoman karkara suka yi shekaru masu yawa ba su da wurin neman bashin kayan aiki. Wanda ya biya da wanda bai biya ba, duk ƙofa ta rufe musu.

ABIN DA AMALANKE YA KOYAR

Akwai wani abu da aka gani a ƙauyuka da yawa bayan haka. Injin shibka da abin tonon gujiya suna jingine a zaure, tsatsa na ci. Garma ma a wurare da dama an ajiye ta. Amma amalanke yana kan hanya kullum. Mutane sun riƙe shi, sun gyara shi, har maƙeran gari suka koyi ƙera shi, manoma suna saye da kuɗinsu ba tare da bashin gwamnati ba.

Mene ne dalili? Ƙirgar kwanaki ce. Injin shibka kwana kaɗan yake aiki a farkon damana, daga nan sai baɗi. Garma tana amfani a fadama da ƙasa mai tauri, amma a jigawa manomi ba ya jiran huɗa: in ruwa ya sauka da dare, da safe shibka yake yi. Kanadiyan kuma ba ya aiki sai an yi shibka a kan layi. Ga shi bajimai ba su san hutu wajen ci ba. Wata 12 suna son harawa da dussa da ruwa, ko sun yi aiki ko ba su yi ba. In kuma ba su ci da rani ba, lokacin da ake bukatarsu sun rame, ba su iya ja.

Amalanke kuwa ba ya zama. Da kaka yana ɗauko dammunan hatsi da kara. Da rani yana kai taki gona, yana ɗauko ruwa da itace da ƙasar gini da tubali. Ranar kasuwa yana ɗaukar mutane da kaya, a biya. Da dare in ciwo ya tashi, shi ke kai mai naƙuda likita. Kowane mako yana kawo kuɗi, shi ya sa ya iya ciyar da shanunsa ya kuma biya bashinsa.

To, wannan darasi bai tsaya ga garma da amalanke ba. Ya shafi kowane inji da kowace sana'a. Kayan da ke aiki kullum shi ke biyan kuɗin kansa. Kayan da ke aiki kwana kaɗan, rumbun maigida ke biya masa.

HANYOYI HUƊU NA SAMUN KAYAN AIKI

Hanya ta 1: saye kuɗi hannu. Ita ta fi araha, don babu kuɗin ruwa. Ana tara kuɗin ta adashi, ko ta kiwon turka, ko ta asusun ƙungiya. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da ƙungiyar CARE. Mata suna zubi kowane mako cikin akwati, suna ranta wa junansu. Da irin wannan kuɗi ana iya sayen ƙananan kaya kamar keken ɗinki, ko kaskon suya, ko baro. Illar wannan hanya ita ce jinkiri, kuma in mutum ya zuba duk abin da ya mallaka cikin inji, ba shi da na sayen mai.

Hanya ta 2: haya ta yini ko ta aiki. Mutum ya kira mai shanu ya yi masa huɗa, ko mai injin sussuka ya zo ya sussuke masa hatsi, ya biya, a rabu. Gyara da ciyarwa ba nasa ba ne. Wannan ita ta dace da kayan da ake bukata kwana kaɗan cikin shekara. Illarta ita ce layi: kowa lokaci ɗaya yake so, kuma mai kaya tasa gona yake fara yi.

Hanya ta 3: bashin kuɗi. Banki ko asusun ajiya da bashi ya ba mutum kuɗi, ya sayi kaya, kayan su zama nasa tun ranar farko. Amma ana neman jingina, kamar takardar gona ko ta gida, ko mutanen da za su tsaya masa. Bankin manoma, BAGRI, ya buɗe ƙofa a 2011. A 2017 kuma aka kafa asusun FISAN domin tallafa wa masu zuba jari cikin noma da kiwo. A ayyuka da dama an bi tsarin raba nauyi: manomi ya kawo kashi 10 cikin 100, a tallafa masa da kashi 40, banki ya ranta masa kashi 50. A lura: kashi 50 ɗin nan bashi ne, ba kyauta ba, kuma sai an biya.

Hanya ta 4: haya mai kai ga mallaka. Da Faransanci ana ce mata kiredi-bayi. A nan ba kuɗi ake ba mutum ba. Mai kuɗi shi ke sayen injin da aka zaɓa, ya ba mai sana'a ya yi aiki da shi. Mai sana'a yana biyan haya kowane wata, ko kowace kaka, har wa'adi ya cika. A ƙarshe ya biya wani ɗan kuɗi da aka yanke tun farko, inji ya zama nasa. Kafin wannan rana, inji na mai kuɗi ne. A 2016 ministocin ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma suka amince da doka ɗaya a kan irin wannan haya.

Mutanen karkara sun san kamarta tun da daɗewa. Makiyaya sun san habbanaye: a ba mutum saniya ya riƙe, ya sha nono, ya samu ƴan maruƙa, amma uwar ta mai ita ce. Masu kabu-kabu ma sun sani: mai kuɗi ya sayi moto, saurayi ya riƙa kawo kuɗi kowace rana ko kowane mako, in adadin da aka yanke ya cika, moto ya zama nasa.

Amfanin wannan hanya shi ne, ba lalle sai an jinginar da gona ba, domin injin shi kansa jingina ne. Kuma kuɗi ba su biyowa ta hannun mutum, balle biki ko suna su cinye su. Haɗarinta kuwa shi ne, in mutum ya kasa biya, mai kaya yana da ikon ɗauke kayansa, ko da an riga an biya rabi. Galibi kuma gyara a wuyan mai aiki da inji yake. Kuma ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, tun da kayan wani ne.

LISSAFI NA FARKO: SHANUN NOMA

Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a gurbinsu, ya sake lissafi.

A ce manomi yana bukatar huɗa ta kwana 4 a shekara. Mai shanu yana karɓar jika 5 a yini. Haya ta tashi jika 20 a shekara.

A ce kuma ya ɗauki bajimai biyu da garma bashi. Biyan shekara jika 100. Harawa da dussa da magani jika 40. Jimla jika 140 kowace shekara. In an raba 140 da 5, za a samu 28. Ma'ana, sai shanun sun yi aikin kwana 28 na biya kafin su fid da kuɗin shekara. Lokacin huɗa ba ya kai haka a wurare da yawa. Ga wannan manomi, haya ta fi.

Amma in ya haɗa da amalanke, lissafi ya canza. A ce biyan shekara ya ƙaru da jika 40, ya zama jika 180 duka. In amalanke ya fita kwana 3 a mako, yana kawo jika 2 a kowace fita, mako ya ba da jika 6. Cikin mako 40 ya ba da jika 240. Bashi ya biyu, an ciyar da shanu, huɗar gida ta zo a kyauta, ga taki kuma. Bayan haka, bajimin da aka saya ƙarami aka kula da shi, in ya shekara 3 ko 4 yana aiki, yakan yi kuɗi fiye da yadda aka saye shi. Wannan riba ce da inji ba ya bayarwa: inji kullum tsufa yake yi, darajarsa na raguwa.

LISSAFI NA BIYU: INJIN NIƘA

A ce injin niƙa jika 900 ne kuɗi hannu. Ɗan kasuwa ya ce a kawo jika 100 kafin alƙalami, a riƙa biyan jika 40 kowane wata har wata 24, a ƙarshe a cika jika 20. Ga jimla: 40 sau 24 ya ba da 960. A ƙara 100 da 20, ya zama jika 1.080. Ke nan an ɗora jika 180 a kan farashin kuɗi hannu. Wannan 180 ita ce kuɗin jira. Dole a san ta kafin a yarda.

Yanzu sai a duba abin da inji ke kawowa. A ce a yini ana samun jika 6. Gazuwal da baƙin mai sun ci jika 2 da rabi. Yaron inji ya ɗauki jika 1. An ajiye rabin jika domin gyara da feƙe duwatsu. Saura jika 2. In an yi aikin kwana 26 a wata, an samu jika 52. A biya 40, saura 12.

Wannan lissafin kaka ne, lokacin da rumbu ke cike. Da bazara da tsakiyar damana hatsi yakan yi ƙaranci, niƙa ta ragu. In abin da ke saura a yini ya koma jika 1, wata ya ba da 26 kawai. Ana bin mutum 40, ya rasa 14. In inji ya lalace ya yi kwana 10 yana jiran kayan gyara daga birni, giɓi ya ƙaru. In kuma wani ya kafa inji na biyu a garin, masu niƙa sun rabu biyu. Saboda haka ba da watan da ya fi kyau ake lissafi ba. Da watan da ya fi muni ake yi. Rarar watannin kaka kuma a ajiye ta, ita za ta rufe giɓin bazara.

Haka mai garka zai yi da injin ban ruwa. Wanda ke noman albasa sau ɗaya a shekara, injinsa wata 4 ko 5 yake aiki. Wanda ke bin albasa da masara ko tattasai ko kabeji, injinsa ya ninka kwanakin aiki. Kuma a auna zurfin ruwa tukuna: ƙaramin injin isansi da ke bakin rijiya ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. Inji mai aiki da hasken rana ba ya shan mai, amma kuɗin sayensa sun fi yawa, don haka shi ma sai mai aiki da shi yawancin shekara zai ci ribarsa.

TAMBAYOYI KAFIN A SA HANNU

Duk wanda za a ba kayan aiki bashi ko haya, ya nemi amsar waɗannan tambayoyi, a rubuce:

1. Nawa ne farashin kayan kuɗi hannu, nawa ne kuma jimlar abin da za a biya har ƙarshe? A haɗa da kuɗin takardu da na asiransi in akwai.

2. Kuɗin ruwan da aka faɗa, na wata ne ko na shekara? Kashi 2 cikin 100 a wata daidai yake da kashi 24 a shekara. Kashi 5 a wata ya zama 60 a shekara. A 2014 an sa iyaka a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma: kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun ajiya da bashi. Wannan ma'auni ne da mutum zai gwada abin da ɗan kasuwa ya faɗa masa.

3. Wace rana ake biya? Ranar biya ta dace da ranar da kuɗi ke shigowa. Mai kabu-kabu yana iya biya kowane mako. Mai albasa sai ya cire albasa. In an tilasta masa biya ranar da kowa ke kai albasa kasuwar Galmi ko ta Madawa, zai sayar da araha. Ya roƙi a ɗaga ranar zuwa lokacin da farashi ke tashi.

4. Wace rana kaya za su iso? Garmar da ta zo bayan an yi noman farko ta ɓata shekara guda. Kada biya ya fara sai kaya sun shigo hannu, cikakku, an gwada su.

5. Wa ke da kayan yanzu, kuma wace rana za su zama na mai biya? In moto ne, da sunan wa aka yi takardunsa?

6. In inji ya lalace, wa zai gyara? Akwai makanike kusa? Ana samun kayan gyaransa a kasuwar yankin? Injin da babu kayan gyaransa, ko kyauta aka ba da shi, ya yi tsada.

7. In sa ya mutu, ko an sace moto, ko an yi fari, mene ne hukunci? Akwai jinkiri? In an makara, nawa ne tara? In an ɗauke kaya, ina makomar kuɗin da aka riga aka biya?

8. Mene ne aka jinginar? Gonar gado da ke ciyar da iyali ba abin jinginarwa ba ce a kan injin da zai tsufa cikin ƴan shekaru.

A yi takardar yarjejeniya guda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. A yi ta gaban shaidu, da sanin maigari. Kowane biya a karɓi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu, a adana cikin leda, nesa da ruwa da gara. Wanda bai iya Faransanci ba ya sa wanda ya amince da shi ya fassara masa layi-layi, ya kuma rubuta adadi da ranaku da Hausa cikin littafinsa. Kada a dangwala yatsa a kan takardar da ba a san abin da ke cikinta ba.

Mutane da yawa suna gudun bashi saboda kuɗin ruwa. Su sani akwai hanyoyin da malaman fiƙihu suka yi bayani a kansu, waɗanda bankunan Musulunci ke bi. Akwai ijara, watau haya. Akwai murabaha, inda mai kuɗi ke sayen kaya ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka sani tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Mai shakka ya kai takardarsa wurin malami. Amma ko ta wace hanya aka bi, lissafin kwanakin aiki bai canza ba.

IN KAYAN NA ƘUNGIYA NE

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiya tana iya ɗauka. Injin sussuka da zai yi kwana 3 a gidan mutum ɗaya, yana iya yin wata 3 yana zaga gidaje 30. Haɗa kai yana ƙara kwanakin aiki. Sai dai kayan kowa yakan zama kayan babu kowa. An sha ganin injunan niƙa na ƙungiya sun tsaya cikin shekara ɗaya ko biyu, ba don sun mutu ba, sai don ranar da suka lalace babu ko dala cikin akwati.

Ƙungiyar da ke son injinta ya daɗe ta kiyaye abu huɗu. Ta naɗa mutum ɗaya mai kula da inji, ta biya shi. Kowa ya biya kuɗin aiki, har shugaba da iyalinsa. Mai riƙe akwati daban, mai rubuta littafi daban. Kowane wata a karanta littafi gaban jama'a, a raba kuɗi kashi uku: na mai da albashi, na biyan bashi, na gyara da sayen sabo. In an tsaya wa juna a wurin banki, kowa ya san cewa in ɗaya ya kasa, sauran za su biya. Don haka a zaɓi abokan tafiya da ido buɗe.

Akwai kuma dabarar da ke taimakon ƙungiya ta guji sayar da amfanin gona da araha domin biyan bashi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake jinginar amfanin gona cikin Nijar. Da kaka a zuba hatsi ko wake ko gujiya cikin mangaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin asusu. Asusu ya ba da rance. Bayan wasu watanni a biya, a buɗe mangaza, a sayar. A yawancin shekaru farashi yakan tashi kafin lokacin, ko da yake ba kowace shekara ba.

AIKI GA MASU KARATU

Ga lissafi domin ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci. A yi shi a kan allo, a tattauna.

Injin ban ruwa jika 120 ne kuɗi hannu. Mai kanti ya ce a kawo jika 20 yanzu, a biya jika 60 bayan albasar bana, a biya jika 60 bayan ta baɗi. Nawa ne jimla? Nawa aka ɗora a kan farashin kuɗi hannu? In buhun albasa jika 10 ne ranar biya, buhu nawa za a sayar kowace shekara? In an jira ya kai jika 20, buhu nawa ke nan?

Wanda ya iya wannan lissafi, ya iya na garmarsa da na kekensa da na motonsa. Manoman zamanin UNCC da yawa ba su samu wannan dama ba: wani ke rubutawa, wani ke ƙirgawa, su nasu dangwala yatsa. Manomin da ya koyi karatu yana iya riƙe littafinsa da kansa. Ya rubuta kwanakin da injinsa ya yi aiki, da abin da ya shigo, da abin da ya fita. In lissafi ya nuna kaya za su biya kansu ko a shekara mai wuya, ya ɗauka, ya biya a kan lokaci, domin ƙofa ta zauna a buɗe ga na baya. In lissafi bai fita ba, ya ci gaba da haya, ya ƙara tari, ya jira baɗi.

Allah ya sa albarka cikin sana'a, ya ba da damana mai kyau. Amin.